Darasi na Sha Ɗaya: Idan Babur Mai Injekta Ya Ƙi Tashi da Sanyin Safiya

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ko Agadas cikin hunturu ya san irin safiyar da muke nufi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu akan wayi gari ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10. Kano da Damagaram ba su cika kaiwa nan ba, amma jauransu ya isa ya sa babur gardama. Babur ɗin da jiya da la'asar ya tashi da taɓawa ɗaya, yau ana ta danna sitata har batir ya gaji, ko ana ta buga kik har gumi ya keto wa mutum cikin sanyi.

Darasinmu a kan dogayen baburan nan ne na tsere da ratsa daji, masu tayoyi masu gududdusai, musamman waɗanda ba su da kafireta. A madadinta suna da famfo a cikin tanki, da injekta mai fesa mai, da wata ƙaramar kwamfuta da za mu riƙa kira ƙwaƙwalwa. Wannan tsari bai daɗe da shiga irin waɗannan babura ba. Suzuki ta sa shi a babur ɗinta na tsere RM-Z450 na 2008, Honda ta biyo da CRF450R na 2009, Yamaha kuma da YZ450F na 2010. Honda CRF250L, wanda ke hawa kwalta ya kuma shiga daji, da injekta ya fito tun 2012. Har masu hayaƙi, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, KTM ta sa musu injekta daga samfurin 2018. Kada wani ya ce wannan ilimin baburan masu kuɗi ne kawai. Tun Afrilun 2020 dokar rage hayaƙi a Indiya ta sa yawancin baburan da ake sayarwa a can suka koma injekta, kuma daga Indiya Bajaj da TVS suke zuwa mana. Waɗanda ke hannunmu yanzu galibinsu masu kafireta ne, amma bakaniken da ya koyi wannan aiki tun da wuri ba zai yi zaman jiran aiki ba.

Abin da sanyi ke yi wa inji

Inji ba ruwan fetur yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa. Idan inji ya ɗau zafi, ɗigon man da injekta ta fesa yakan zama tururi nan take, ya gauraya da iska. A nauyi, ana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Da sanyin safiya kuwa, wani kaso na man yakan manne a jikin ƙarfe mai sanyi kamar raɓa a kan kwano, bai zama tururi ba. Abin da ya isa bakin filogi sai ya yi kaɗan. Saboda haka dole a ƙara mai a lokacin tayarwa. A babur mai kafireta, cok ke wannan aiki. A mai injekta, ƙwaƙwalwa ce ke tambayar sensar zafi, idan ta ji cewa injin a sanyaye yake sai ta riƙe injekta a buɗe na ɗan lokaci fiye da yadda ta saba.

A daidai wannan lokaci baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Wato ana neman aiki mafi wuya a lokacin da kowane sashe yake mafi rauni. Shi ya sa nakan ce wa masu koyo sanyi ba ya ɗora wa babur cuta, tona wadda take ɓoye yake yi. Batir mai rauni, filogi tsoho, bawul da ya fara matsewa, duk suna iya lallaɓawa da rana tsaka. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Hannun da ya saba da kafireta

Kafin ku ɗauki sifana, ku tsaya ku kalli yadda mai babur yake tayar da abinsa. Da yawa daga cikin ƙorafin da ake kawowa gareji a nan suke ƙarewa. Wanda ya girma da Jincheng ko Boxer hannunsa ya saba murɗa totur sau biyu ko uku kafin ya buga kik. A babur mai injekta wannan ba ya ƙara mai. Abin da yake yi shi ne, idan aka buɗe totur ana cikin tayarwa, iska ta shiga fiye da lissafin da ƙwaƙwalwa ta yi, cakudar ta yi tsinkakkiya, injin ya ƙi kamawa. A bar totur a rufe. Wanda hannunsa ba ya jin magana, ya ɗora shi a kan kan babur kusa da birki, nesa da totur.

Baburan tsere da yawa suna da wani maɓalli a jikin maƙogwaron iska wanda mutane ke kira cok, ko da yake aikinsa daban ne. Ba toshe iska yake yi ba, ɗan ƙara ta yake yi don silo, wato juyin inji babur yana tsaye, ya ɗaga, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara mai daidai da ita. A wasu babura jawo shi ake yi, a wasu danna shi ake yi. A KTM mai bawul, wato wanda ba mai hayaƙi ba, shi ne mai ruwan ɗorawa, jan da ke kusa da shi kuma na saita silo ne. Na sha ganin an rikita biyun, an yi ta murɗa na silo da nufin gyara, babur ya fita gareji da matsala biyu maimakon ɗaya. Silo da aka saukar ƙasa da ƙima shi kansa yana hana tashi da safe.

Akwai kuma baburan tsere marasa batir gaba ɗaya, irin su CRF450R na farko-farkon injekta. Wutar da za ta tayar da famfo da ƙwaƙwalwa daga bugun kik ɗinku take fitowa, ta taru a wata kwandensa. Irin waɗannan ba sa son ƙananan bugu na sauri. A lallaɓa kik a hankali har a ji ya yi tauri, a mayar da shi sama, sannan a taka da nauyin jiki duka har ƙasa. Idan ana yin haka daidai kuma sai an yi bugu goma sha, a duba kwandensar da wayoyinta.

Batir

Babur mai kafireta yakan tashi da mataccen batir. Mai injekta da sitata ba ya yarda. Famfo wuta yake so, injekta wuta, ƙwaƙwalwa wuta, kuma sitata ita ce ke kwashe mafi yawa a lokaci guda. Saboda haka jin sitata tana juyawa bai isa shaida ba. Tana iya juyawa alhali abin da ya rage wa ƙwaƙwalwa bai isa ta yi aiki ba.

Ku sa mita da safe kafin a taɓa komai. Batir na gargajiya mai cike da caji zai nuna kimanin bolt 12.6. Idan ya nuna 12.0, kusan ya zube. Amma awon da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi ana danna sitata: idan lambar ta faɗi ƙasa da 10, ku zargi batir ko bakin wayoyinsa. A kwance kawunan batir a goge su, a bi baƙar wayar da ke ɗaure a jikin firam ita ma a goge. Babur ɗin da ke ratsa rafi da yashi tsatsa ba ta barin waɗannan wurare.

Yawancin sababbin baburan tsere da batirin litiyam suke zuwa, mara nauyi, wanda a cike yakan nuna fiye da bolt 13. Halinsa daban ne: da sanyi yana kasala, amma jan wuta daga jikinsa yana ɗumama shi. A danna sitata kamar daƙiƙa biyar, a huta rabin minti, a sake. Sau da yawa dannawa ta uku ta fi ta farko ƙarfi. Ba kowace caja ce ta dace da shi ba, a nemi tasa. Idan kuma tilas ta sa za a jona da batirin mota, a kashe motar tukuna, a kuma tabbatar ja na kan ja. Juya wayoyin nan sau ɗaya na iya ƙona ƙwaƙwalwa.

A nan ne wurin maganar baƙin mai. Mun saba da 20W-50 ko ma SAE 40 saboda zafin ƙasarmu, amma masu ƙera waɗannan babura galibi mai mara kauri irin 10W suke rubutawa. Mai kauri da asubar hunturu kamar zuma yake, kuma batir ne ke biyan kuɗin.

A saurari famfo

Ku murɗa makulli, ku kasa kunne a jikin tanki. Ya kamata a ji wani ɗan zuuu na kamar daƙiƙa biyu, sannan ya ɗauke. A baburan da ba su da makulli, taɓa maɓallin sitata kaɗan yake tayar da shi. Idan shiru, a duba fis, da rile, da jan maɓallin kashewa da ke kan babur, da sensar da ke yanke mai idan babur ya faɗi.

Jin ƙarar famfo ma ba ya nufin matsin ya cika. Waɗannan famfuna suna tura mai da matsin bar 3 zuwa 4, fiye da iskar da ke cikin tayar babur. Idan matsin ya ragu, injekta ba ta fesa mai kamar hazo, sai ta riƙa tofar da shi, kuma manyan ɗigo ba sa zama tururi a inji mai sanyi. Ga gwaji mai sauƙi: a kunna makulli a kashe sau uku, kowane karo a jira famfo ya gama, sannan a tayar. Idan ya tashi da sauƙi fiye da kullum, matsin mai ne ke zubewa ko yake jinkirin taruwa. Tabbaci sai da agogon awon matsi, kuma gareji mai son wannan aiki ya kamata ya mallaki ɗaya.

Abin da ya fi kawo wannan a wurinmu shi ne man kansa. Wanda ke shiga karkara ba ko'ina yake samun gidan mai ba, dole wata rana ya tsaya wurin 'yan bumburutu. Ba zarginsu nake yi ba, sau da yawa su ne ke fitar da matafiyi daga tsaka mai wuya. Amma man da ya kwana a jarka ana juya shi da mazurari a bakin hanya ba ya rasa ƙura, wani lokaci har da ruwa. Kafireta tana haƙuri da wannan, injekta ba ta yi, don ramukanta sun fi na kafireta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A tace mai da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. A canza filtar da ke jikin famfo. A KTM akwai wata 'yar mitsitsiyar filta a mahaɗar tiyon mai, mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Babur ɗin da aka ajiye watanni kuma, man cikinsa ya riga ya rasa sashensa mai saurin zama tururi, wanda shi ake buƙata da safe. A zubar a zuba sabo.

Abu biyu nake roƙonku. Kada ku zura allura ko waya a bakin injekta kamar yadda ake yi wa jet ɗin kafireta. Ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Kuma kafin ku cire tiyon mai, ku naɗe mahaɗar da tsumma, ku nisanci wuta. A hunturu ne ake hura wutar jin ɗumi a gefen gareji, a hunturun ne kuma ake wannan aiki.

Abin da filogi ke faɗa

Bayan an yi ta tayarwa bai tashi ba, a cire filogi a duba bakinsa. Idan a bushe yake ƙayau, mai bai iso ba, a koma ga famfo, injekta da sensa. Idan a jiƙe yake yana warin fetur, mai ya zo, abin da ya rage wuta ce ko matsin inji. A gwada da sabon filogi, a kuma tabbatar lambarsa ita ce ta babur ɗin. A filogin NGK, harafin R na nuna yana da abin da ke hana wutarsa rikita kayan lantarki, kuma babur mai ƙwaƙwalwa irinsa yake so. Wajen gwada wuta, a manna jikin filogi da ƙarfen inji sosai, kada a juya inji hular filogi tana lilo a iska.

Sensar da ke faɗin ƙarya

Ƙwaƙwalwa ba ta jin sanyi, abin da aka gaya mata shi take aiki da shi. Mai gaya mata ita ce wata ƙaramar sensa da ke ɗaure a hanyar ruwan lagireto, ko a jikin inji idan babur ɗin iska ke sanyaya shi. Yawan turjiyarta ga wutar lantarki yana raguwa idan zafi ya ƙaru. A da yawa daga cikinsu, a digiri 20 mita za ta nuna om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko wajen 300.

Idan wayarta ta tsinke, abin da sauƙi, don fitilar gargaɗi za ta riƙa ƙiftawa. A Honda, ƙiftawa bakwai sensar zafin inji ce, takwas ta totur, tara ta zafin iskar da ke shiga. Doguwar ƙiftawa goma ce, saboda haka doguwa ɗaya da gajeru biyu sha biyu ke nan, wato injekta. Kowane kamfani da nasa lissafin.

Wadda ke wahalar da bakanike ita ce sensar da ba ta mutu ba, amma awonta ya kauce. Da asuba tana gaya wa ƙwaƙwalwa injin da ɗumi. Ƙwaƙwalwa ba ta da dalilin ƙaryata ta, ba za ta kunna fitila ba, kuma ba za ta ƙara mai ba. Babur ya ƙi tashi da safe, da rana kuwa lafiya lau, domin a lokacin ƙaryar ta zo daidai da gaskiya. Idan ta kauce ta ɗaya ɓangaren, sai a ga akasin haka: tashi da safe ba wuya, amma da ya yi zafi sai baƙin hayaƙi, shan mai, da filogi mai baƙi kamar gindin tukunya. Gwajinta ba ya buƙatar kwamfuta. A cire ta, a sa mita, a tsoma bakinta a kofin ruwa ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Lambar ta riƙa sauka a hankali ba tsalle.

Ƙurar hunturu da bawul

Idan batir lafiya, matsin mai ya cika, wuta tana nan, sensa na faɗin gaskiya, amma babur sai da turi yake tashi da safe, to a buɗe murfin kan inji. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi shafar mu, domin hunturu ba sanyi kaɗai yake kawowa ba, da ƙurarsa yake zuwa, mai laushi kamar garin alkama.

Filtar iskar yawancin waɗannan babura soso ce, kuma soson kansa ba ya kama ƙura, man da ake shafa masa ne ke kamawa. Idan aka wanke shi aka mayar a bushe, ko bakinsa bai zauna daidai ba, ƙura za ta wuce ta bi ta bawul ɗin shigar iska. Baburan tsere da yawa bawul ɗinsu na titaniyam ne, mai wata siririyar fata mai tauri a fuskarsa. Ƙura tana goge wannan fata kamar sanfefa. Da ta ƙare, bawul sai ya fara nutsewa cikin mazauninsa, 'yar tazarar da aka bari a samansa ta riƙa raguwa. Tazarar nan ba ta da yawa tun asali. A CRF250L, milimita 0.16 ce a ɓangaren shiga, 0.27 a ɓangaren fita. Idan ta ƙare, bawul ba ya rufuwa ruf, matsin da fistin ke tarawa yana sulalewa. Sitata a hankali take juya inji, saboda haka iska na samun lokacin tserewa. Turi a giya ta biyu kuwa yana juya shi da sauri, sai ya kama. Shi ya sa babur mai wannan ciwo yake yaudarar mai shi, yana tashi da turi, yana gudu sosai, har ranar da zai ƙi gaba ɗaya.

Ana auna tazarar ne injin yana da sanyi, fistin yana can sama a bugun matsi, da siraran ƙarafunan awo da ake kira fila. Idan ta ragu, a canza 'yar ƙwayar ƙarfen da ke saita ta da wadda ta fi ta siranta. A rubuta awon da kwanan wata. Baburan tsere da awoyin aiki ake lissafa musu gyara, ba da kilomita ba. Idan bayan 'yan awoyi tazarar ta sake rufewa, bawul ɗin ya gama, sai sabo, kuma gara a gaya wa mai babur gaskiya tun kafin kan bawul ya karye ya faɗa kan fistin. Agogon awon matsin inji ba ya cika faɗin gaskiya a nan, don yawancinsu suna da abin da ke ɗan ɗaga bawul ɗin fita lokacin tayarwa domin sauƙaƙa juyawa, sai awon ya fito ƙasa ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Shafa wa soso mai fiye da kima shi ma kuskure ne, yana shaƙe iska. A matse shi har ya daina ɗiga. A duba robar da ta haɗa maƙogwaro da inji, tsagewa kaɗan a jikinta na shigar da iskar da ba a lissafa ba, da ƙura tare.

Ban ambaci lalacewar ƙwaƙwalwa ba sai yanzu, da gangan. An taɓa kawo mini babur da aka riga aka yi wa odar sabuwar ƙwaƙwalwa daga waje da kuɗi masu yawa, aka sa, bai canza hali ba. Da muka buɗe kan injin, fila mafi siranta ma ta ƙi shiga ƙarƙashin bawulolin shiga. Ƙwaƙwalwa takan lalace, amma ba kasafai ba, kuma wadda ta lalace ba ta cika zaɓar safiya ta bar rana ba.

Aikin gwaji

A mako mai zuwa za mu haɗu a gareji da ƙarfe bakwai na safe, kada kowa ya tayar da babur ɗin makaranta kafin mu taru. Ku kasu uku-uku, kowane rukuni da mita da takarda. Ku rubuta awon batir a ajiye da kuma lokacin da ake danna sitata, ku rubuta tsawon ƙarar famfo, ku auna sensar zafi kafin a tayar da kuma bayan injin ya yi minti goma yana aiki. Malaminku zai ɓata abu ɗaya a jikin babur ɗin tun daren da ya gabaci ranar ba tare da ya faɗa muku ba. Kafin ku kwance ko da noti ɗaya, kowane rukuni ya rubuta abin da yake zargi da awon da ya sa ya zarge shi.